Wa Ya Hana Gurasa Zuwa Biki?

Da zarar an kai amfanin gona gida, gero ya shiga rumbu, an sayar da gyada da wake, sai katin biki ya fara yawo a ƙasar Bagwai. Daga Gadanya zuwa Kiyawa, daga Romo zuwa Rimin Dako, Asabar da Lahadi ba na kowa ba ne sai na ɗaurin aure da yinin biki. Wanda duk yake halartar irin waɗannan taruka ya san abin da ake miƙa wa baƙi ya canja. A da waina ce da funkaso, da alkaki da nakiya da dubulan. Yanzu 'yar roba ce mai murfi, a ciki samosa biyu, cincin kaɗan, yankan kek, sai tsokar kaza idan uwar amarya ta ji ƙarfi. Ga kuma wani sabon baƙo da ke ƙwanƙwasa ƙofa ta cikin wayoyin 'yan mata: ƙaramin burodi irin na Indiya, an cusa masa soyayyen dankali, an barbaɗe shi da cuku, an gasa har cukun ya narke yana jan zare. Ƙawayen amarya na tura wa juna bidiyonsa a WhatsApp da TikTok, suna cewa ai shi ne yayi.

Ba ni da faɗa da abincin Indiya. Mu da muka tashi da finafinansu tun zamanin silima, har muka kai ga fassara su da Hausa, ba za mu zo yau mu ce girkinsu ne haramun ba. Abin da nake so shi ne mu san abin da muke kwaikwayo, don ina ganin saman muka ɗauko muka bar gindin.

Wannan burodi sunansa vada pav, kuma ba a gidan masu kuɗi aka haife shi ba. Abincin bakin titi ne na birnin Mumbai. Galibi ana danganta farkonsa da wani mai suna Ashok Vaidya, wanda ya kafa tebur a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar a 1966, yana sayar wa ma'aikatan masaƙu da ke sauri su kama jirgi. Yadda ake yin sa ba wani sirri ba ne. A dafa dankalin turawa a murƙushe, a haɗa shi da tafarnuwa da citta da ɗanyen barkono da kurkum, a mulmula, a tsoma a ƙullun garin wani irin wake nasu, a jefa a mai. Sai a tsaga ɗan burodi, a shafa masa dakakken yaji na tafarnuwa da barkono wanda sau da yawa har da gyada a ciki, a ɗora curin dankalin a rufe. Lebura ya ci guda biyu a tsaye, ya kora da shayi, ya wuce aiki. Mai karatu, sake duba wannan bayani. Abu mai rigar ƙullun wake da aka soya, a cikin burodi, da yaji mai gyada. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai ƙosai da safe ya ce a zuba masa a cikin burodi, ya riga ya ci ɗan'uwan vada pav bai sani ba.

To me Indiyawa suka yi da wannan abinci na talaka? Ba su ji kunyarsa ba. Sun wanke masa fuska, sun rage masa girma, sun ƙara masa cuku da man shanu, sun jera shi a faranti sun kai shi teburin biki. Yau ana cin sa a manyan otal, ana sayar da shi a Landan da Dubai, har ya iso wayar 'yar Bagwai. Mu kuwa da muka tashi yin bajinta, namu na bakin titi muka fara kora daga wurin biki, muka ba wa na wasu kujerarsa.

Ɗauki gurasa. Kano ta yi suna da ita tun kaka da kakanni, har akwai unguwa sukutum a cikin birni da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa, ga kuma matan Jakara da suka gaji sana'ar. Ana gasa ta a jikin tanderu, kamar dai yadda Indiyawa ke manna nasu burodin a bangon tanda. Ka tsaya ka kalli mai bandashe yana aiki. Ya tsoma gurasar a ruwa ya fitar da sauri don ta yi laushi, ya shimfiɗa ta, ya barbaɗa garin ƙuli har ta rufe, ya zagaya da man gyada, sannan albasa da tumatir da kabeji, ya tambaye ka, "Alhaji, a ƙara yaji?" Idan da hali a ɗora balangu ko tsire. Wane burodin Indiya ne zai nuna wa wannan ɗanɗano? Amma ka ce wa uwar amarya a raba bandashe a wurin yini, za ta dube ka sheƙeƙe ta ce, "Haba Yaya, so kake dangin miji su raina mu?"

Tsoron raini shi ne ke cinye kuɗin biki a ƙauyukanmu, ba yunwar baƙi ba. Kuma abin dariyar, kayan da ake saya don gudun rainin ba su ma dace da yadda muke biki ba. Cukun kanti mai narkewa yana son firiji kafin a yi aiki da shi, yana son a ci shi da zafinsa bayan an gasa. A Bagwai wutar lantarki baƙuwa ce. Abincin da aka gama da hantsi ba a raba shi sai bayan la'asar, kuma rabin matan da suka karɓa ba a wurin za su ci ba, ƙullewa za su yi a leda su kai wa yara gida. Kafin a isa Dangada cukun ya sandare, burodin ya jiƙe da gumi, abin da aka gani a bidiyo yana jan zare ya koma danƙo. Ga tsada. Kuɗin ƙunshi ɗaya na wannan cuku, wanda sai an aika birni an sayo, zai auno kwanon waken suya har a karɓi canji. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Alhali duk abin da ake buƙata yana nan kusa. Albarkacin madatsar ruwa ta Watari, manoman rani na Bagwai suna fitar da tumatir da albasa da tattasai a lokacin da wasu wurare ke ƙishirwarsu. Gyada tamu ce, ƙuli-ƙuli matan gari ke yi. Awara kuwa ba lungun da ba a soya ta da yamma. A yi wa mai gurasa magana tun da wuri ta yi ƙanana, kamar tafin hannun yaro. A tsaga kowace a gefe, a shafa yajin ƙuli da aka dama da man gyada, a sa yankan awara da aka soya da ƙwai da attaruhu, a ɗora zoben albasa da tumatir, a soke da tsinke. Wanda ke son na Indiya sak, ya murƙushe dankali ya tsoma a ƙullun ƙosai, zai ga abin mamaki. Irin wannan ko ya huce ba ya ɓaci, ba ya neman firiji, kuma kowace naira da aka kashe ta tsaya a hannun mutanen gari. Na yarda, fulawar gurasa yawancinta daga alkamar waje ake yin ta, amma ai ta samosa ma haka take, ga ta kuma tana shan mai.

Wani zai ce ina cukun, ai shi ne armashin abin. A nan ne labarin Indiya ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa. Cukun da mai tebur a Mumbai ke gogawa a kan burodi ba daga Turai aka kawo shi ba. Yawanci na Amul ne, kuma Amul ba kamfanin wani attajiri ba ne, ƙungiyar gama-kai ce ta ƙananan makiyaya. An kafa ta a 1946 a garin Anand na jihar Gujarat, lokacin da manoma suka gaji da 'yan tsakiya da ke saye musu madara a wulaƙance. Tribhuvandas Patel ya jagorance su, daga baya injiniya Verghese Kurien ya zo ya tsara aikin. Tsarin mai sauƙi ne: mace mai saniya ɗaya ko biyu ta kai madararta wurin tattarawa na ƙauye safe da yamma, a auna, a gwada maiƙonta, a biya ta gwargwadon haka. A 1970 aka fara yaɗa wannan tsari a faɗin ƙasar, zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Yau makiyaya sama da miliyan 3 ne suka mallaki Amul. Wato kowane burodi mai cuku da aka ci a bikin Indiya, akwai wata mata a ƙauye da ta ga kuɗinsa.

Mu fa? Rugage na kewaye da mu. Da damina nono kan yi yawa har ya yi kwantai, Bafillatana ta yini a rana da ƙwarya a ka, da yamma ta sayar da shi yadda ta samu don kada ta koma da shi. A gefe guda ƙasar nan na kashe maƙudan daloli duk shekara wajen shigo da madarar gari. Kuma ba wai ba mu san cuku ba. Buzaye na kawo nasu busasshe daga Nijar, wanda ake ci da shayi ko a daka a fura. Fulanin Kwara da na Jamhuriyar Benin suna yin wara da tumfafiya, wannan dai tumfafiyar da ke tsirowa a kowane kufai na Bagwai ba mai ko kallonta: a ɗora sabuwar madara a wuta, a daka ganye ko karan tumfafiya a tace ruwan a ciki, ta kama jikinta, a tsame a kwando. Gaskiya ne ba ta narkewa ta ja zare. Amma paneer na Indiya, wanda suke yi da ruwan lemon tsami, shi ma ba ya narkewa, kuma soya shi suke yi su cusa a burodi ba tare da sun nemi afuwar kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne ba wasa a cikinsa: madarar ta tafasa sosai, hannu da mazubi su kasance da tsabta, don abincin taro idan ya ɓaci ba mutum ɗaya yake kwantarwa ba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Madalla. Sai dai ma'aikata a Abuja ba za ta sayi ko ludayin nono a Wuro Bagga ba. Kasuwa ce ke saye, kuma a ƙasarmu ba kasuwar da ta kai biki da suna da walima.

Saboda haka kirana ga mutum biyu ne. Hajiya uwar biki, a bikin da ke tafe ki ware faranti ɗaya kacal na ƙananan gurasa da awara ko wara, ki ajiye shi kusa da na samosa, ki sa ido ki ga wanda zai riga ƙarewa. Shugabannin ƙaramar hukuma kuma, cikin kuɗin da ake warewa na koyar da sana'a, a samo mata biyu da suka iya wara su zo su koya wa matan rugagenmu da masu awarar gari kafin damina ta sauka, lokacin da nono zai yi yawa.