Zankon siminti ba gado ba ne

A baje kolin duniya na Dubai, wanda ya gudana daga Oktoba 2021 zuwa Maris 2022, Maroko ta lulluɓe rumfarta da daɓaɓɓiyar ƙasa. Tsawon ginin ya haura mita 30, ɗakuna 22 ne bisa juna, tamkar tsofaffin garuruwan laka na ƙasar. A garin gilashi da ƙarfe, Maroko ba ta ji kunyar laka ba.

Mu kuwa, in aka ce a nuna al'ada cikin gini, me muke yi? Sai mu jera bulo na siminti, mu rufe da tol, mu dasa zanko a kusurwa, mu shafa zane a goshin ƙofa, sannan mu kunna na'urar sanyi don kada baƙi su suma. Wannan ba girmama gado ba ne, kwalliya ce bisa gawa.

Hikimar maginanmu ba a ado take ba. Tana cikin kaurin bangon tubali, wanda ke riƙe zafin rana sai dare ya sake shi. Tana cikin ƙananan tagogi, da bakan gizo mai ɗaga rufi, da makuba mai kare bango daga ruwa. Kayan aikin kuma ga su a ƙarƙashin ƙafarmu.

Masu cewa laka ta talaka ce, su dubi hasumiyar masallacin Agadas, mita 27, a tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013. Su dubi masallacin Yama a jihar Tawa, aikin Falke Barmu, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Su je Dandaji, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon ƙasa a 2018.

Gaskiya ne, laka tana son yaɓe bayan damina, azara kuma tana cin giginya. Amma yaɓe aiki ne ga matasanmu, kuma gini ba itace, mai rufin tulluwa, ya daɗe a Nijar.

Saboda haka, malamai da ƙungiyoyin al'adu, kada mu yi shiru. Duk ranar da za a gina rumfar da za ta wakilci Nijar, a zaunar da magini tare da mai zane tun daga tushe. Idan muka bar masa zanko kaɗai, jikokinmu za su gaji hoto, su rasa sana'a.