Ruwan da Ke Kwance Ƙarƙashin Daɓe

'Yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman jama'ar Nijar da suka yi yawa a birnin Girinsboro na jihar Karolina ta Arewa, da zarar Allah ya hore wa ɗayansu abin sayen gida, sai hankalinsa ya tafi ga yawan ɗakuna da kusancin masallaci, alhali kuwa mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta tana can ƙarƙashin ƙafafunsa. Da yawa daga gidajen wannan yanki daɓensu na katako ne, an ɗora shi bisa ginshiƙan bulo, an bar tsakaninsa da ƙasa wani sarari mai duhu wanda sai da rarrafe ake shigarsa.

Ƙasar wurin jar laka ce mai riƙe ruwa, lokacin zafinsu kuma cike yake da laima. Saboda haka idan indararo yana zuba a gindin bango, ko kuwa fili ya karkato wajen harsashi, ruwan ba shi da masauki sai wannan sarari. Can zai kwanta shekara da shekaru, har danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari ya soma ruɓewa, fumfuna ta kama shi, gara ta sami hanya, iskar da ke tasowa daga nan kuwa ita yaran gida za su yi ta shaƙa. Galibin inshorar gidaje kuma ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya tsattsafo daga ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, dokar jihar ta yarje wa mai sayarwa, sa'ad da yake cika takardar bayanin aibin gida, ya zaɓi yin shiru a kan tambaya. Shari'armu ba ta yarda da wannan ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, yatsunsa suka ji danshi, mai kayan ya kawo uzurin ruwan sama, shi kuwa ya zarge shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Duk Musulmin da zai sayar da gida a can, wannan hukunci yana wuyansa, ko doka ta ƙyale shi. Mai saye kuwa wajibinsa ne ya cusa nasa hannun.

To, a cikin wa'adin binciken da yarjejeniyar sayen gidan ta ba shi, ya ɗauki gwanin duba gidaje, in da hali su je bayan an tafka ruwa, ya kama tocila ya bi shi cikin sararin ƙarƙashin daɓen. Ya dubi shatin laka a jikin ginshiƙai, da farin garin da ke fitowa a bulo tamkar kanwa, ya soka sukundireba a katako ya ji ko za ta nutse. Sabuwar leda fil a ƙarƙashin tsohon gida kuwa, lalle a tambayi dalilinta.

Ban ce duk gidan da aka iske ruwa a guje shi ba, domin sau da yawa maganin yana waje: a tsawaita indararo, a gyara fili ya gangara inci 6 cikin ƙafa 10 na farko daga bango, sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri, a haƙa magudana da injin zuƙe ruwa in bukata ta kama. Amma a nemi ragi a farashi bisa ƙiyasin ma'aikaci, mai saye ya yi gyaran da kansa, domin wanda ke shirin tashi ba zai kashe wa gida abin da mai shirin zama zai kashe ba. In kuwa katakon da ke ɗauke da daɓen ya riga ya ci, a kira injiniya kafin wa'adin ya cika. Idan ya ce aikin babba ne, a haƙura da kuɗin binciken da aka riga aka bayar, a nemi wani gidan.