Wayar Aljihu Da Mai Ciwon Dajin Huhu

A ƙasar Bebeji da Kiru, idan likita ya ce mutum yana da ciwon daji a huhu, dangi sukan shimfiɗa masa tabarma, su hana shi ko taka ƙofar zaure. Tausayi ne, amma da kuskure cikinsa, domin doguwar kwanciya tana zaizaye ƙarfin jiki, haki ya ƙaru. Likitoci suna horo da tattaki gwargwadon iko.

To, wayar nan da falke ke jin farashin shinkafar Tudun Wada da ita, tana ƙidaya taku, tana tuna lokacin magani. A Faransa, cikin 2017, an bayyana wani gwaji: majinyatan da ke aika wa likita labarin tarinsu da nauyinsu ta intanet kowane mako sun fi sauran tsawon rai, da ikon Allah, don an riski tashin cutar da wuri.

Mutumin Riruwai ta Doguwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya kai Asibitin Malam Aminu Kano, lalle ya roƙi lambar da zai riƙa aika saƙon murya tun ba a sallame shi ba. In kuwa ya ga jini cikin kaki, mota zai nema a ranar.