Tsohuwar motar Amurka: abin da za a yi oda daga waje da abin da za a bar wa kanikawan gida

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan birnin Havana na ƙasar Kyuba zai tuna da manyan motocin nan masu ƙyalli, ja da shuɗi da ruwan hoda, waɗanda aka ƙera a Amurka tun shekarun 1950. Chevrolet ne da Ford da Buick da Dodge, wasunsu sun haura shekara 70 a duniya, amma har yau suna ɗaukar fasinja. Kiyasin da aka fi ambata shi ne akwai kusan 60,000 irinsu a tsibirin. Mutanen ƙasar suna kiran waɗanda ke aikin tasi da suna “almendrones”.

Labarin motocin Kyuba yana da amfani ga duk mai burin tayar da tsohuwar motar Amurka alhali yana zaune nesa da Amurka, ko a Turai yake ko a Afirka. Ra’ayina shi ne wannan aiki ba ya yiwuwa da oda kaɗai, kuma ba ya yiwuwa da dabarar gida kaɗai. Wanda zai yi nasara shi ne wanda ya san abin da dole sai an kawo daga ƙetare, da abin da bakanike ko mai walda na unguwarsu zai yi masa. Kuskure a wannan rabo yana cin dukiya, wani lokaci ma yana cin rai.

Yadda Kyuba ta rayu babu oda

Kafin juyin juya halin 1959 da ya kawo Fidel Castro kan mulki, Kyuba babbar kasuwa ce ta motocin Amurka. Tsakaninta da gaɓar jihar Florida kusan kilomita 150 ne kawai. A watan Oktoban 1960 gwamnatin Eisenhower ta hana fitar da yawancin kayayyaki zuwa tsibirin, sannan a watan Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya faɗaɗa takunkumin ya shafi kusan dukkan cinikayya. Sabuwar mota ta daina zuwa daga Amurka, kayan gyara ma suka yanke.

Wani abin da ya ƙara wa tsofaffin motocin daraja shi ne dokar cikin gida. Shekaru da dama, motocin da aka shigo da su kafin juyin juya halin ne kawai mutum zai iya saye ko sayarwa kai tsaye, sai a 2011 gwamnatin Raúl Castro ta sassauta. Don haka tsohuwar Chevrolet ta zama gado, ta zama jari, ta zama abincin gida. Jefar da ita ba ya cikin lissafi.

Kanikawan Kyuba suka shiga dabara. Idan injin asali ya mutu, sai a ɗora na Lada ko Volga na Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma injinan dizal na motocin Turai da Asiya. Abin da babu shi a kasuwa a ƙera shi da hannu. Ƙarfen bodi da ya ruɓe a yanke, a buga sabo da guduma. Da haka motocin suka kai yau.

Sai dai abin ya zo da hasara. Da yawa daga cikin motocin nan bodi ne kawai na Amurka, ciki kuwa haɗin gambiza ne. Suna fitar da baƙin hayaƙi, kuma a idon masu tara motocin tarihi darajarsu ta faɗi, domin abin da ake biya a wannan kasuwa shi ne asali. Mutanen Kyuba ba su da zaɓi. Wanda ke da waya a hannu da intanet a yau yana da shi.

Kasuwar tana nan, amma ba ta kowace mota ba

A Amurka, sayar da kayan tsofaffin motoci sana’a ce mai zaman kanta. Mujallar Hemmings Motor News tana buga tallace-tallacen irin waɗannan kaya tun 1954. Duk watan Oktoba ana cin wata babbar kasuwa a garin Hershey na jihar Pennsylvania, inda dubban masu rumfuna ke baje tsofaffin kayan mota. Shafuka irin su eBay da RockAuto kuma suna aika kaya zuwa ƙasashen waje.

Amma samuwar kaya ta danganta da irin motar. Ford Mustang, wadda aka fara nuna wa duniya ranar 17 ga Afrilun 1964, an sayar da sama da miliyan ɗaya cikin shekara biyu. Saboda yawanta, kamfanoni suna ci gaba da ƙera kusan kowane ɓangare nata, har da sabon bodi gaba ɗaya na wasu samfurori. Haka Chevrolet na 1955 zuwa 1957. Wanda ya ɗauko Studebaker ko Packard ko Hudson, kamfanonin da suka daɗe da daina ƙera mota, zai iya shafe watanni yana neman marfin fitila guda. Shawarar farko ke nan: a binciki kasuwar kayan kafin a sayi motar.

Kayan da ake samu iri uku ne. Akwai na asali da kamfanin ya ƙera tun wancan zamani amma ba a taɓa ɗaura su ba, sun zauna a sito. Su ne mafi tsada. Akwai waɗanda aka kwaikwaya a yanzu, da yawansu ƙirar Taiwan ko China, wasu masu kyau, wasu kuma sai an sha fama kafin su zauna. Sai na hannu, waɗanda aka ciro daga motar da ta mutu. Kowanne yana da wurinsa. Ƙarfen ado ko tambarin mota na asali ya fi. Amma roba da ta kwana shekara 60 a kwali ta bushe, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. A nan sabuwar ƙira ta fi ta asali.

Lamba kafin kuɗi

Yawancin asarar da ake yi tana faruwa ne kafin kayan su bar Amurka. Motocin zamani suna da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 17, tsarin da aka daidaita daga 1981. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, kuma lambar ba lallai ta gaya maka duk abin da ke cikin motar ba. Ƙari a kan haka, motar da ta shekara 60 ta wuce ta hannun mutane da yawa. Mai yiwuwa injin da ke cikinta ba shi ne wanda ta fito da shi ba. Chevrolet ta fito da ƙaramin injinta mai silinda takwas a 1955, ta ƙara masa girma a 1957, ta ci gaba da sauya shi shekaru da dama. A ido duk kamarsu ɗaya. Lambar da aka zuba a jikin ƙarfen injin ita ce ke faɗin gaskiya, don haka a goge maiƙon a karanta ta, a ɗauki hoto a tura wa mai sayarwa kafin a biya.

Wutar motar ma haka. Tsofaffin motocin Amurka da batir mai bolt 6 suke aiki. Chevrolet ta koma bolt 12 a 1955, Ford a 1956. Wanda bai duba ba ya yi odar kik ko ƙwan fitila, zai iya ƙona su a rana ta farko.

Sai batun awo. Waɗannan motoci da inci aka auna su, mu kuma kayan aikin garejinmu na milimita ne. Noti mai rabin inci daidai yake da milimita 12.7. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan sako-sako, kuma idan notin ya yi tsatsa sai ta cinye masa kai. Zaren notin ma daban ne. Saboda haka abin da ya kamata ya fara shiga kwali daga waje shi ne saitin sifana na inci da littafin gyara na ainihin motar da shekararta.

Kuɗin hanya ya fi kuɗin kaya

Farashin da ake gani a shafi somin-taɓi ne. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna cajin ko dai nauyin kayan ko girman kwalinsa, duk wanda ya fi yawa. Ƙa’idar da manyansu ke bi ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. A ce madigadi ne a kwali mai santimita 150 da 70 da 50. Lissafin zai ba da kilo 105, ko da ƙarfen bai kai kilo 20 ba. Manyan kaya irin su bamba da ƙofa da gilashi sai dai jirgin ruwa, a haɗa su wuri guda, a yi haƙurin watanni.

Akwai kuma wani caji da baƙo ba ya lura da shi. Idan ka sayi kayan da aka sabunta, kamar kafireta ko akwatin sitiyari, masu sayarwa a Amurka sukan ƙara wani kuɗi da za su mayar maka idan ka aiko musu da tsohon naka. Ga wanda ke wata nahiya, kuɗin aikawar ya fi abin da za a mayar, don haka a ɗauka ya tafi. Haka idan kaya suka zo ba daidai ba, mayar da su wata asarar ce.

Ga mai karatu a Najeriya, ga dala ga kwastam. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Aikin da ke ɗaukar shekara biyu ko uku, kasafin da aka yi a farkonsa ba zai kai ƙarshe ba. Kuɗin fito kuma ana lissafa shi ne a kan farashin kaya haɗe da kuɗin dako da inshora.

Inda ba a yin dabara

Duk da wannan tsada, akwai kayan da ban yarda a yi musu dabarar Havana ba. Na farko birki. Motocin Amurka kafin ƙarshen shekarun 1960 galibi hanya ɗaya ce ke kai man birki zuwa tayoyi huɗu. Idan tiyo ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya, a motar da ta doshi tan biyu. Ana sayar da masta mai hanya biyu da aka yi don waɗannan motoci, kuma ko da hakan ya rage mata asali, ya fi a binne mutum. Haka kayan sitiyari, da tiyon mai, da robobin da ke riƙe da mai. Araha ba ta ado a nan.

A yi hattara kuma da fatar birki da kuloci da gaskit na asali da suka daɗe a sito. A wancan zamani da asbestos ake yin su, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar daji a huhu. Ostireliya ta haramta shigo da shi tun ƙarshen 2003, har tana tsare tsofaffin motoci a tashar ruwa saboda shi. Yaron gareji da zai hure ƙurar birki da baki shi ne zai biya farashin.

Fetur ma ya sauya. An ƙera injinan ne don fetur mai dalma, wanda ke kare mazaunin bawul daga lalacewa. An daina sayar da shi ga motoci a duk duniya a 2021, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Duk wanda zai buɗe inji, gara ya sa a dasa masa mazaunin bawul mai tauri lokaci guda.

Sauran aikin kuwa na gida ne. Masu gyaran bodi da walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda suka riƙe Peugeot 504 a kan titi shekara da shekaru, za su iya buga ƙasan mota da ya ruɓe. Mai rewaya zai sake naɗa kik da janareto. Masu lagireto za su sauya masa ciki. Masu ɗinkin kujera za su yi aiki mai kyau idan aka ba su hoton asali da lokaci. Biyan dala don a ɗauko faffaɗan ƙarfe daga Amurka, alhali ga mai iya buga shi a bayan gida, ɓarnar kuɗi ce.

Na san wani zai ce, a wannan hali da ake ciki na tsadar abinci, wa ke ta tsohuwar mota? Gaskiya ne, sha’awa ce ta masu hali. Amma idan aka raba aikin yadda na faɗa, kaso mai yawa na kuɗin a hannun masu sana’ar gida zai tsaya. Kuma motar zamani ta koma kwamfuta da roba, abin da ya lalace cirewa ake yi a sa wani. Tsohuwar mota ce ta rage inda matashi zai koyi wanke kafireta, da gyara ƙarfe, da sauraron inji da kunne. Kanikawan da suka iya waɗannan suna tsufa.

Don haka kafin a tura ko dala ɗaya, a zauna da bakanike a ɗauki takarda a raba ta gida biyu. Gefe ɗaya a rubuta birki, sitiyari, robobi, kayan cikin inji, littafin gyara da sifanar inci, kowanne da lambarsa da hotonsa. Ɗaya gefen a rubuta bodi, kujeru, waya, lagireto da fenti, da sunan wanda zai yi kowanne. Idan jimillar gefen farko ta fi ƙarfin aljihu a farashin dalar yau, a bar motar a inda take tukuna, a rufe ta daga ruwan sama.