Daga Bakin Akwati: In masu bincike sunka zo ƙofar gida

 

Zancen yau ya shafi abin da ya fi cinye muna asusun taimako, wato ciwon yara. Masu dangi a Loga da Birnin Gaure sun sha kawo muna labarin wasu ma'aikata da ke bin ƙauyuka gida gida, suna ƙidayar yara, suna ɗiga musu siro a baki, su koma bayan wata shida. An ce binciken jami'a ne. Cikin ƙungiyoyinmu magana ta rabu biyu. Wasu sun ce in sun zo nan a ɓoye yara cikin ɗaka. Wasu sun ce abin kyauta ai ba a tambayar asalinshi. Mu dai muna ganin duka biyun babu dubara a ciki. Ba mu taɓa zuba ko dala cikin akwati ba sai mun ji doka, mun san mai riƙe da makulli. Ɗiyanmu sun fi dala.

Bari mu fara da abin da anka yi wajen maƙwabtanmu. Akwai wani magani, azitromisin, da anka daɗe ana rabawa don amosanin ido, ciwon nan da ke sa gashin ido ya juya ciki har ya kai ga makanta. A 2009, masu bincike sunka bayyana cewa a Habasha, ƙauyukan da anka raba maganin yara ba su mutuwa kamar sauran ƙauyuka. Amma gani ɗaya bai isa a kafa hujja ba. Sai Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, a Amurka, ta jagoranci babban bincike mai suna MORDOR, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates, a ƙasashe uku: Nijar, Malawi da Tanzaniya. Nan Nijar an yi shi a gundumomin Boboye da Loga na jihar Doso, tare da ma'aikatar kiwon lafiya da Cibiyar Carter. An fara a ƙarshen 2014, an kammala a 2017. Yara sama da 190,000 ne sunka shiga, daga ɗan wata 1 zuwa ɗan wata 59, ana ba kowane sau ɗaya duk wata shida.

Ga inda ya kamata mu buɗe kunne. Ba dukan ƙauyuka ne sunka samu maganin ba. An raba su biyu: wasu an ba su azitromisin, wasu an ba su siro mai kama da shi a launi da kwalba amma babu magani a ciki. Mu kira shi kama-da-wane. Ƙuri'a ce ta raba, kwamfuta ta jefa, kamar yadda mukan jefa ƙuri'a a adashe don kada a ce shugaba ta fifita ƙawarta. Mai rabawa bai san wanne ne a hannunshi ba, uwa ba ta sani ba, maigari ma bai sani ba.

Wata cikinmu da ta ji haka ta ce: "To wanga ba zalunci ba ne? Ɗan wa za a ba na banza?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa. A lokacin ba wanda ya tabbata maganin zai rage mutuwa, ko zai kawo wata illa da ba a hango ba. Da an ba kowa, shekarar ta zo da sauƙi, wa zai iya cewa maganin ne, ko albarkar damina ce, ko sauro ne ya ragu? Mai son sanin irin geron da ya fi, kan shuka biyun gefe da gefe a damina ɗaya, sannan ya ƙirga damma. Kuma yaron da ya kwanta ciwo, ko daga wane ɓangare yake, likita za a kai shi a yi mishi magani kamar kullum. Bayan an ga sakamako, a shekara ta uku dukan ƙauyukan binciken na Nijar sun samu maganin na gaske.

Sakamakon ya fito a 2018. A ƙasashen uku gaba ɗaya mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100. A Nijar ta ragu da kashi 18. Wato inda da za a rasa yara 100, sai anka rasa 82. Yara 18 sun tsaya hannun iyayensu. A Malawi da Tanzaniya ragin kaɗan ne ƙwarai, abin da ke nuna muna cewa abin da ya yi aiki wani wuri ba dole ne ya yi ko'ina ba, shi ya sa ake gwadawa cikin ƙasar da za a yi amfani da shi.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: a wuraren da yara ke mutuwa da yawa ana iya raba maganin, amma ga ƴan wata 1 zuwa wata 11 kawai. Sai anka sake wani bincike nan Nijar, AVENIR, a jihohin Doso da Tawa, daga 2020 zuwa 2023, cikin ƙauyuka wajen 3,000, da yara sama da 380,000. Wanga karo kashi uku anka yi: inda anka ba dukan yara ƴan ƙasa da shekara biyar, inda anka ba jarirai kawai, da inda anka ba kama-da-wane. A 2024 anka bayyana cewa inda dukan yaran sunka sha, mutuwa ta ragu da kashi 14 cikin 100, amma ba jarirai su kaɗai bai nuna ragi tabbatacce ba. Kun ga, iyaye mata na ƙauyukan Doso da Tawa, da yardarsu da haƙurinsu, sun samar da hujjar da manyan lokotoro na duniya ke tattaunawa a kai.

Sai dai binciken ya nuna wani abu da bai kamata mu ɓoye ba. A ƙauyukan da anka sha maganin, an samu ƙwayoyin cuta da sunka saba da shi, ba su jin shi kamar da. Wannan ne dalilin taka-tsantsan na Hukumar Lafiya. Don haka kada wata ta ji labarin nan ta tahi wajen mai tallan magani ranar kasuwa ta ce a ba ta "na Loga". Su ma'aikatan bincike awo suke yi, da sikeli ko da sandar auna tsawo, sau biyu kacal a shekara, kuma ana bin sawu. Maganin da ya sha rana cikin faranti, wanda ba a san ranar lalacewarshi ba, ana ɗura wa yaro duk sanda jikinshi ya yi zafi, wannan koya wa cuta dubarar kare kai ne. Ranar da ake bukatarshi da gaske sai ya ƙi ci.

Masu tsoro kuma ba mu ce tsoronsu babu tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani, Trovan, cikin binciken da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma bayan doguwar shari'a, a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Wanga labari ya daɗe yana sa mutane gudun allura a ƙasar Hausa. Ku sani kuma, kamfanin nan ne ya ba da azitromisin ɗin da anka yi amfani da shi a Boboye da Loga. Ke nan abin dubawa shi ne hanyar da anka bi: an yi bayani ko ba a yi ba, an nemi yarda ko ba a nema ba, akwai mai sa ido ko babu.

Mu mutanen Filinge ma mun taɓa zama na gaba. A watan Satumba na 2010, a gundumarmu anka fara yin sabuwar allurar sanƙarau, MenAfriVac, kafin sauran Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29, ma'aikatan lafiya kuma sunka bi sawu don ganin ko za ta kawo matsala. Kafin ta iso wajenmu sai da anka gwada ta a Indiya, Mali, Gambiya da wasu ƙasashe, inda iyaye irinmu sunka yarda. Irin sanƙarau da allurar ke karewa, wanda ake kira A, ya kusa ɓacewa daga yankinmu, ko da yake akwai wasu ire-irenshi da sunka rage. Mun ci daga yardar wasu, wasu kuma sun ci daga tamu.

To, mi za mu yi in sun zo? Da farko mu bambance kamfe da bincike. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake ba yara duk wata lokacin damina, da ɗigon shan inna, da alluran jarirai, waɗannan an gama gwada su, aikin gwamnati ne, kada mu yi wasa da su. Bincike shi ne wanda ake neman amsar da ba a sani ba tukuna. Shi ne sai da yardarki.

Ga tambayoyin da muke so kowace sakatariya ta rubuta a bayan littafin ƙungiya:

1. Wa ya aiko ku, wace jami'a ce ko wace cibiya? Shugaban likitarmu da maigari sun san da zuwanku?
2. Kwamitin ƙasa da ke Yamai, mai duba ko bincike ya kiyaye haƙƙin mutane, ya ba ku izini?
3. Mi ne ne sunan maganin? An riga an san shi ko sabo ne? Akwai kama-da-wane a ciki?
4. Wace illa yake iya kawowa? In yaro ya yi amai ko zawo ko wani abu da dare, wa za mu kira, wa zai biya kuɗin magani?
5. In za a ɗibi jini ko kashi ko majina, ina za a kai, mi za a yi da shi?
6. Wa zai ga sunayenmu? Kuma in an gama, wa zai komo ya gaya muna abin da anka gano?

Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce "ba lokaci, ku dai ku dangwala", a ba shi ruwa ya sha, a ce mishi sai mun yi shawara. In akwai takarda, wadda ta yi yaƙi da jahilci ta karanta da ƙarfi, ko a fassara ta da Hausa ko Zabarmanci gaban shaida wanda ba cikin ma'aikatan yake ba. Kada hannu ya riga kunne. A yi zancen da maigida tun da wuri, don kada a fara sannan rigima ta tashi cikin gida. Yardar maigari buɗe ƙofar gari ce kawai, ba ta zama yardar uwa da uba kan ɗansu ba. Kina da ikon cewa a'a, kina da ikon fita ko bayan kin shiga, kuma wannan ba zai hana a duba ki ko ɗanki a likita ba. Sabulu ko gidan sauro ko kuɗin mota da za a ba ki kada su zama dalilin yarda.

Amma in mun yarda, akwai namu nauyin, kuma shi ne mai wuya. Irin wanga bincike ƙidaya ce ginshiƙinshi. Duk zuwa sai sun tambaya: yaron da munka rubuta wancan karo yana nan, ya yi tafiya, ko ya rasu? Mun san zafin wagga tambaya. Mun san kunyar ɗan fari, mun san tsoron baki da ke hana mace ƙirga ɗiyanta gaban baƙo. Wata za ta ce "yana wajen kakarshi" don kada a tayar mata da miki. Allah ya san zuciyarta. Sai dai in an ɓoye rasuwa, lissafi ya karkace: maganin banza ya fito kamar na kirki, ko na kirki a yar da shi, yaran wasu su biya. Haka in an rage wa yaro shekaru don ya samu, ko an raba rabon ɗaya tsakanin biyu. Mu da ke ƙirga kuɗi a fili kan tabarma, kowa na gani, mun san abin da ƙarya ɗaya ke yi wa littafi. Wadda maganar ta yi mata nauyi, ta kira kishiya ko uwar miji ko wata ƴar ƙungiya ta amsa a madadinta, ta kuma fito da karnen yaro.

Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi, abin da ya riƙe mu shi ne ba mu yarda da kuɗi cikin duhu. Mu ɗauki wannan hali mu kai shi wajen lafiya. Muna roƙon kowace shugaba ta ware ɗan lokaci bayan zubin mako mai zuwa, a karanta tambayoyin nan shida, a zaɓi mata biyu masu baki da natsuwa da za su tsaya da sunan ƙungiya duk ranar da baƙi sunka zo da maganar bincike. Ƙungiyar da ta taɓa gamuwa da su, ta aiko muna da yadda anka yi ta hannun sakatariyarta, sauran su ƙaru.

Allah shi raya muna zuri'a, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, shi sa albarka cikin akwatunanmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.