Farar Tumfafiya da Maganin Feshi

Akwai ƙorafin da manoma suka daɗe suna yi, cewa maganin ƙwarin da ya yi aiki bara ya ƙi ci bana. Yawanci akan ɗora laifin a kan mai sayarwa, a ce jabu ya kawo, kuma wani lokaci haka ɗin ne. To amma akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, wanda ya kamata duk mai shirin zama malami ya sani, kuma bayaninsa yana nan a jikin tumfafiyar da ke bayan aji.

Tumfafiya tsiro ne da ya kare kansa da guba. Farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita idan an tsinki ganyenta yana ɗauke da sinadaran da ke toshe wani ɗan famfo a jikin ƙwayoyin halittar dabba, wato wanda ke daidaita shige da ficen gishiri. Idan famfon ya tsaya, zuciya da jijiyoyi sukan rikice. Shi ya sa dabbobi ba su cika kusantarta ba. Duk da haka, akwai farar da ba ta da gida sai tumfafiya, kuma Bahaushe, da yake cin soyayyiyar fara, ya san wannan ba ta ciwuwa. Ita farar tumfafiya cin gubar take yi ta adana a jikinta, idan an taɓa ta kuma ta feso wani ruwa mai wari. A shekarar 1967 masana suka tabbatar da cewa gubar tsiron ce a cikin ruwan nan. Launinta mai ɗaukar ido kuwa gargaɗi ne ga tsuntsu da ƙadangare.

Ba fara kaɗai ke da wannan dabara ba. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro tana girma a kan tumfafiya, kuma kafin ta fara ci takan tsaga ganyen, ta bari ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci ɓangaren da ya tsane. Ɗan'uwansa na Amurka shi aka fi bincike a kai. A shekarun 1960 Lincoln Brower ya ciyar da wasu tsuntsaye irin wannan malam-buɗe-littafi, suka yi amai, daga nan suka daina taɓa shi. A 2019 kuma masana a Jami'ar Kalifoniya suka ɗauki sauye-sauye 3 da ke cikin ƙwayoyin gadonsa, waɗanda ke hana gubar kama famfon, suka dasa wa ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Ƙudan ya ci gubar bai mutu ba, har ma ya riƙe wani abu daga cikinta a jikinsa.

Abin lura a nan shi ne, ƙwari sun shafe miliyoyin shekaru suna fama da gubar tsirrai kafin ɗan'adam ya haɗa maganin feshi na farko. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, alal misali, tana da sinadarai a cikinta masu warware gubar da auduga ke ajiyewa a ɗigo-ɗigon baƙin nan na jikinta, kuma ire-iren waɗannan sinadarai ne ke taimaka wa ƙwari su warware maganin kanti. Idan aka yi feshi, masu rauni su mutu, 'yan kaɗan masu juriya su tsira su hayayyafa. Manomin da ya nace wa magani guda shekara da shekaru, shi da kansa ne ke tace masu juriyar yana bar musu gona. Haka aka gani da DDT, wanda aka fara watsawa a shekarun 1940: kafin shekarun su ƙare an sami ƙudaje a Turai da ba ya kashewa.

Wasu za su ce mafita ita ce a koma ga ganyen darbejiya. Gaskiya ne yana da amfani, domin tun 1959 Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa farin dango sun cinye tsirrai sun bar shi. Sai dai wanda ya fahimci farar tumfafiya ba zai ɗauki wani tsiro a matsayin maganin kowane ƙwaro ba. Abin da ya fi dacewa shi ne sauya nau'in magani, da sauya shuka, da rage feshin da babu dalili, wanda ke kashe har ƙwarin da ke farautar masu ɓarna.

Wani kuma zai tambaya, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Yawancin ɗalibansa 'ya'yan manoma ne, kuma su ake aika wa kasuwa sayen magani, wasu ma su ke goya tankin feshi. Takardar da ke jikin kwalba da Turanci take zuwa. Malamin da zai iya bayyana juriyar ƙwari da Hausa tsantsa, a darasin insha'i ko auna fahimta, ya isar da saƙon har cikin gida. Ba ya bukatar ɗakin gwaji: ya fita da yara su duba tumfafiya, su nemo ganyen da tsutsa ta tsaga, su rubuta abin da suka gani. Sai dai ya ja musu kunne kada su tsinki ganyen da hannu, domin ruwan yana yi wa ido mummunan lahani.