A Tambaye Mu Kafin Katafila Ta Shigo Gona

Jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, a kasa kunne! Ruwan da ke raya noman rani a Kura da Kadawa ta ƙasarmu yake bi. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Tiga ta kawo albarka, amma ta tashi ƙauyuka, ta cinye gonaki, ta kuma rage ambaliyar da mutanen fadamar Hadejia da Nguru ke noma da kamun kifi da ita. Talaka ne ya ɗauki wannan nauyi, ba a kuwa nemi shawararsa ba. A madatsar Bakolori kuwa, rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980.

Yau ma kuɗin waje na shigowa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa, har da na Kogin Kano. A 2021 ya ware dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Mai biyan bashi kuwa dole a ji bakinsa.

Tun daga Oktoban 2018 sababbin ayyukan bankin suna ƙarƙashin ƙa'idoji 10 na kare muhalli da jama'a. Sun wajabta a tuntuɓi mutane tun kafin a fara aiki, a biya diyyar da za ta maye abin da aka rasa kafin a karɓi fili, a kuma buɗe hanyar kai koke. Idan aka toshe kunne a gida, akwai kwamitin bincike mai zaman kansa da bankin ya kafa a 1993, kuma mutum biyu da aikin ya cutar sun isa su kai ƙara gabansa.

Amma doka a takarda ba ta tare katafila. Hakimai da dagatai, ku nemi rahoton tasirin aiki da Hausa, a karanta shi a dandali. Manoma, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Makiyaya, ku nuna burtalinku da mashayarku kafin a ja layi. Mata masu ɗibar ruwa da itace, ku zo taro, ku yi magana. Matasa, ku rubuta duk alkawarin da aka yi, da ranarsa da sunan wanda ya yi shi. Wakilanmu a majalisa, ku tsaya kai da fata cewa duk mai ba da rance, daga ko'ina ya fito, sai ya bi irin waɗannan ƙa'idoji.

Muna son aiki, muna maraba da ci gaba. Sharaɗinmu ɗaya ne: a zauna da mu tukuna, a biya haƙƙi, sannan a tayar da inji.